Ranar da Rabo Mai Igiya Ya Yi Ladabi

Rabo mai igiya bai taɓa sayar wa Bafillace ko taƙi ɗaya na igiya ba sai ya fara zaginsa. Shekara talatin da wani abu ke nan yana wannan sana'a a kasuwar Dogon Dutsi, rumfa ta uku in ka shigo ta wajen masu kanwa, kuma ba a taɓa kai ƙararsa ko gaban sarkin kasuwa ba. Wanda bai san ƙasar Arewa ba zai ce mutumin ba shi da tarbiyya. To, ba haka ba ne. Rabo Ba'are ne, tsakanin Arawa da Fulani kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kowa na da izinin ya ci wa ɗayan fuska a tsakiyar jama'a, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. In ka ga Ba'are ya gaida Bafillace da ladabi, yana tambayarsa gida da iyali cikin sanyin murya, to a nemo dattawa, akwai abin da ya ɓaci tsakaninsu.

An haifi Rabo a Ɗan Kassari, gidan manoman gero. Ubansa yakan tuƙa igiya da rani bayan an gama kai amfanin gona rumbu, shi kuma tun yana ɗan shekara bakwai yake zama gefensa yana murza rama a cinya. Har yau cinyarsa ta dama ba ta da gashi ko ɗaya, kuma in hira ta yi daɗi yakan ɗage wando ya nuna, ko ba a tambaye shi ba. An yi masa tsagar Arawa tun yana jariri, layi biyu a kowane kunci, daga gefen baki har kunne. An sa shi lakkwal, wato makarantar boko, ya yi shekara uku, ya fito da kalma biyu na Faransanci, ɗaya ta amsa kiran suna, ɗaya ta ba da haƙuri in za a doke shi. Da ya tasa sai ya ɗora igiyoyin ubansa a kan jaki ya shiga bin kasuwanni, yau Sukukutane, jibi Tibiri, har ya samu rumfa a Dutsi ya zauna.

A faɗi gaskiya, igiyar Rabo ba ta fi ta kowa ba. Igiyar gugarsa tana tsinkewa lokacin da ta kowa ke tsinkewa, dangwalinsa kuma, wato doguwar igiyar nan da ake jera maruƙa a jikinta, ba shi da wani asiri. Bakinsa ne jarinsa. Makiyayi zai wuce rumfa huɗu masu araha ya zo ya tsaya gaban Rabo, don kawai a ce masa ƙafafunsa karan dawa ne bayan girbi, ko a tambaye shi yaushe rabon da ya ci abinci a gaban mutane, ko a ce ya gaida saniyar da ta rene shi. Shi ma ya rama, ya ce tsagar fuskar Rabo kakansa ne ya yi ta da wuƙa don kada bawansa ya ɓace cikin na wasu. A yi dariya, a yi ciniki, a rabu. A gida kuwa Rabo shiru-shiru ne. Matarsa Sahura, mai ƙuli-ƙuli, takan ce da yamma yana naɗe bakinsa tare da igiyoyi ya kulle a rumfa, ita gangar jikin kawai ake kawo mata.

Cikin duk Fulanin da Rabo ya zaga a duniya babu kamar Beidi. Makiyayi ne daga wajen Sukukutane, dogo, mai ƴar siririyar murya, sa'an Rabo ko ya girme shi da damina ɗaya, abin da suka yi shekara da shekaru suna gardama a kai. Ranar da suka fara haɗuwa Beidi ya dawo da wata igiya a tsinke, ya ce saniyarsa ta tsere. Rabo ya duba igiyar, ya duba Beidi daga sama har ƙasa, ya ce ai saniyar ta yi haƙuri ma da ta kai yau. Tun daga nan Beidi bai ƙara sayen igiya wurin kowa ba. Da mahaifin Rabo ya rasu, Beidi ya yi tafiyar yini biyu a ƙasa ya zo Ɗan Kassari, ya zauna cikin masu zaman makoki, ya ce ya zo ganin abin da tsohon bawansa ya bar masa ne, ya duba ko'ina bai ga komai ba sai wannan mummunan yaro. Mutane suka yi dariya da hawaye a ido. Sai bayan ya tafi aka ga ya ɗaure rago a bayan ɗaki bai gaya wa kowa ba.

Sannu a hankali kasuwar ta fara mutuwa. Gonaki suka cinye burtali, daji ya daina zama wurin da mutum zai zauna da shanunsa hankali kwance, makiyaya suka riƙa gangarawa kudu garke bayan garke. Shekara biyar da suka wuce Beidi ma ya ƙetare kogin Kwara da iyalinsa. Watannin farko yakan kira ya zagi Rabo har wayar ta yanke, daga baya lambar ta daina shiga, aka ce ya canza layi irin na can. Rabo ya rage da mutanen gari masu sayen igiyar shanya, waɗanda in ka ce musu uffan sai su ce ba ka da kunya. Wata rana ƙaiƙayin baki ya ishe shi, ya hango wani dogo fari ya nufo rumfa, ya tare shi da tambayar wa ya kwance wannan. Ashe sabon ma'aikaci ne da aka turo daga Yamai, ba shi da haɗi da Fulani ko ta wajen maƙwabta. Sai da kalmar Faransancin nan ta biyu ta yi aiki ranar.

Rabo yana da ƙane uba ɗaya, Abdulrazak, wanda ya ba kusan shekara ashirin. Kantin wayoyi gare shi kusa da tasha. Mutum ne mai gemu da ɗagaggen wando, mai gaskiya har ta yi yawa, in zai sayar maka da waya sai ya gaya maka duk aibinta tukuna. Wasan Arawa da Fulani a wurinsa ɓata lokaci ne da ɗaukar alhaki, kuma ya sha gaya wa yayansa haka cikin ladabi. Amma yana ƙaunar Rabo, ganinsa zaune yana korar ƙuda daga kan igiya yana damunsa ƙwarai. Shi ne ya zo masa da maganar Rumfa Dubu.

Rumfa Dubu kasuwa ce da wani kamfani na ƙasar waje ya gina a cikin waya. In ka buɗe sai ka ga layuka da rumfuna da ƴan mutane suna yawo, kowane ɗaya na wani ne da ke zaune a wani gari riƙe da wayarsa. Ka yi magana, muryarka ta fito daga bakin naka. Samari na ce wa ɗan mutumin abata, tsofaffi na ce masa kurwa, Abdulrazak kuwa bai yarda da ko ɗaya ba, shi wakili yake cewa. Yana da rumfar wayoyi a ciki, kuma shi ne ajan ɗin kamfanin a Dutsi: wanda aka sayi kayansa ya kawo, shi ya ɗora a mota. Kamfanin ba ya bari mai saye da mai sayarwa su san lambar juna, in ka fara faɗin lamba sai muryarka ta koma fito, don kada a riƙa ciniki a bayan idonsa.

"Yaya, mutanenka na can ciki," in ji Abdulrazak. "Ƙungiyar makiyaya ta sa su. Igiyar roba ta can tana yanke ma maruƙa wuya, ta gida suka nema."

"Hillani cikin waya?" in ji Rabo. "Wa ya koya musu? Shanun?"

Washegari tun kafin a buɗe kantin Rabo yana tsaye a bakin ƙofa.

Wakilin Abdulrazak shi kansa abin kallo ne. Saboda yana ƙyamar surar mai rai, ya cire masa ido da hanci da baki, ya bar fuskar sumul kamar ƙwai, ya ɗora mata hula. Ya so ya yi wa yayansa irin wannan, Rabo ya ce shi uwarsa ba ta haife shi don ya zama ƙwai ba. Ya zaɓi tsawo, ya zaɓi faɗin kafaɗa, ya zaɓi babbar riga shuɗiya. Sahura, da ta biyo ta nan za ta kai ƙuli-ƙuli tasha, ta leƙa ta ce yaron kyakkyawa ne, ɗan gidan wa ye? Ta ce a sa masa tumbi in ana so mutane su gane. Rabo ya yi kamar bai ji ba. Da aka zo kan fuska sai aikin ya tsaya.

"Ina tsaga?" in ji Rabo.

"Babu tsaga ciki, Yaya."

"Duba dai. Mutanen da sunka iya sa kasuwa cikin waya ba su rasa tsaga."

Abdulrazak ya duba. Akwai tabarau iri-iri, akwai ƴan kunne, akwai fukafukai, akwai ƙaho. Can ƙarshe akwai gashin bakin kyanwa, zare uku-uku daga gefen baki zuwa wajen kunne. Rabo ya karɓi wayar ya kai ta kusa da ido, ya nisantar, ya sake matsowa da ita.

"Guda ta yi yawa," ya ce, "amma hanyar dai ita ta. Sa mani."

Kafin ya tafi, Abdulrazak ya karanta masa dokar kasuwa ya fassara. Akwai na'ura da ke sauraron kowa, kuma tana jin Hausa. Duk mai rumfa da ya ci mutuncin mai saye, ko a rumfarsa ko a kan layi, karo na farko gargaɗi, na biyu a rufe bakinsa kwana uku, na uku a kore shi, ba a sake buɗe wa katinsa na ɗan ƙasa komai. Mai saye kuwa dokar ba ta hau kansa ba, ya faɗi abin da ya ga dama. Rabo yana kallon gashin bakinsa yana cewa to, to.

Ya koma rumfarsa ta gaske, ya jingina wayar da ƙullin igiyar guga, ya zauna. Ba a daɗe ba sai ga wani wakili da malfa da sanda a kafaɗa ya tsaya, ya yi sallama da Hausar nan mai lanƙwasa da Rabo ya shekara biyar yana kewa.

"Wa alaikumus salam," in ji Rabo. "Kai kuma daga wace rugga anka sako ka? Ka dai gaya ma uwargijiyarka mai ƙaho ka hito?"

Dariya ta fashe a cikin wayar har masu kanwa suka waiwayo.

"Wallahi Ba'are na, na gaskiya," in ji mutumin. "Bari in kira ƴan'uwa su zo su ga bawana da gashin mussa."

Ya sayi dangwali biyu ya tafi. Wani tambari rawaya ya fito a saman kan wakilin Rabo, shi kuwa ya ɗauka lambar yabo ce, har ya zagaya da wayar yana nuna wa maƙwabta. Daga nan rezo, wato layin sadarwar waya, ya ɗauke kamar yadda ya saba, Abdulrazak kuma ya tafi Dosso kai kaya, don haka ba a samu wanda zai faɗa masa cewa gargaɗin farko ne ba. Da safe ya buɗe waya ya tarar da malfuna sun fi talatin a gaban rumfarsa suna jira. Farin ciki ya kama shi. Ya gyara murya ya yi musu barka da zuwa gaba ɗaya, ya ce bai taɓa ganin tsintsiya ta kwance ta zo kasuwa da ƙafarta ba sai yau. Bai rufe baki ba wani ƙaton kwaɗon ƙarfe ya fito ya maƙale a bakin wakilinsa.

Muguntar abin ita ce an rufe masa baki amma ba a rufe masa kunne ba. Da Fulanin suka gane Ba'aren yana ji ba ya iya ramawa, sai suka yi layi. Labari ya bi ruggage har inda Rabo bai taɓa jin sunansa ba. Wani ya kawo tsohuwarsa, ta ce tun tana budurwa take roƙon Allah ya nuna mata Ba'are da kwaɗo a baki, yanzu ko yau ta mutu ba ta da kaico. Rabo yana ramawa da iya ƙarfinsa, yana nuna wayar da yatsa, jijiyar wuya a tashe, amma ba mai jinsa sai masu kanwa, waɗanda suka bar kanwarsu suka kawo buhuna suka zauna kallo. Kwana na biyu muryarsa ta dushe. Kwana na uku ya ƙi cin tuwo. Sai dai kowane Bafillace in ya gama zaginsa yakan taɓa igiya ɗaya ko biyu ya saya, don a cewarsu ba a kallon irin wannan kyauta. Cikin kwana ukun nan rumfar Rabo ta gaske ta koma wayam, har ya aika Ɗan Kassari a ce wa tsofaffin da suka iya tuƙa su zauna su kama aiki.

Abdulrazak ya dawo ya ga abin da ya faru, ya rubuta wa kamfanin doguwar takarda da Faransanci mai kyau. Ya yi bayanin wasan tun daga tushe, duk da shi ba ra'ayinsa ba ne, ya ce wannan zagi a nan gaisuwa ne. Bai ajiye wayar ba amsa ta iso. Kamfanin ya gode, ya ce ya yi baƙin cikin jin ana damun Rabo, kuma in yana so akwai wurin da zai danna ya hana waɗannan mutane zuwa rumfarsa. Ya haɗo da jerin kalmomin da ya kamata mai sayarwa ya riƙa faɗa.

"Saura guda, Yaya," in ji Abdulrazak. "Tsohhi goma sha biyu ka murza rama Ɗan Kassari saboda kai. Ka riƙe bakinka."

Aka shiga koya wa Rabo ladabi yana ɗan shekara hamsin da takwas. Sahura ce malamar. In ya dawo bayan la'asar sai ta ajiye tsintsiya a kafaɗa a matsayin sanda, ta zama mai saye, shi kuma ya amsa daga cikin jerin. Ta samu dama, ta fito da duk abin da ta adana tun shekarar aurensu, daga minsharinsa har zuwa ranar da ya manta ta a kasuwar Tibiri ya taho gida da jaki. Rabo yana zaune a kan turmi, gumi na zuba, yana cewa, "Mun gode da ra'ayinka, mai girma abokin ciniki." Sahura ta ce ita dai Allah ya saka wa wannan kamfani da alheri.

Ya iya kuwa. Ciniki bai tsaya ba, don maruƙa ba su daina bukatar dangwali ba, amma Fulanin sun daina zama. Su saya da sauri su wuce, wasu na cewa ba Ba'aren nan ba ne a ciki yanzu, wasu na cewa ciwo ya taɓa shi. Kamfanin ya ba shi taurari biyar. Rabo bai taɓa jin kansa a wulaƙance irin na makonnin nan ba. Abu ɗaya ke sa shi buɗe wayar da ɗoki kowace safiya, shi ne ko Allah zai sa wani dogo mai siririyar murya ya ɓullo daga ƙarshen layi. Bai gaya wa kowa ba, amma ba don igiya ya tsaya a bakin kantin ƙanensa tun da sassafe ranar nan ba.

Wata Talata da hantsi, Abdulrazak na rumfar yana ɗaure kayan da za a kai tasha, sai ga wani wakili gajere mai ƙiba, da fukafukai ruwan hoda, yana tafe yana karo da rumfunan mutane. Ya zo ya tsaya, ya ba Rabo baya, yana fuskantar bango.

"Ina mushen Kaɗon nan da anka ce ya shiga waya?"

Wayar ta kusa suɓucewa daga hannun Rabo. Beidi ne.

"An ce mani sun ƙara maka zane guda," in ji Beidi. "Daidai na. Bawan da ya cika gudu ƙara mishi shaida aka yi. Jikata ta sa ni cikin abin ga, ban san gabana ba ban san bayana ba, warin wake ya kawo ni rumfarka."

Amsa goma ta taso wa Rabo lokaci guda. Ga fukafukai, ga ƙiba, ga bangon da mutumin ke yi wa magana. Tun da yake bai taɓa samun Beidi a sarari haka ba. Ya dubi ƙanensa. Abdulrazak ya ɗaga yatsa ɗaya. Rabo ya juyo kan wayar.

"Barka da zuwa, mai girma abokin ciniki."

Beidi ya ƙyalƙyale da dariya. "Wanga sabo na. Ci gaba, ina ji."

"Mi za mu kawo maka yau? Gamsuwarka ita ta farin cikinmu."

Dariyar ta ragu, ta tsaya.

"Rabo?"

Shekara talatin Beidi bai taɓa kiran sunansa ba.

"Na'am, ranka shi daɗe. Ka gane, akwai doka nan ciki, an hana mu..."

"Na sani," in ji Beidi. "Ko'ina akwai doka yanzu. Mai shagon da nika sayen sukari ma haka ya ce da ya bar ba ni wurin zama." Ana jin kukan ɗan maraƙi a bayansa. "Shekara biyar ɗin ga ba wanda ya zage ni. In shiga kasuwa, a ba ni hanya. In yi sallama, a amsa da sauri, a ja yara cikin gida. Kowa ladabi shika yi mani, irin wanda aka yi ma wanda aka tsoro. Shanu sun ƙare saura bakwai, ban ce komi ba. Na ce ma jikata akwai wani Kaɗo can Dutsi, in duniya duka ta juya shi ba ya juyawa, sa ni ciki in ji muryatai. To, na ji. Ba komi. Allah shi ba da kasuwa, Malam Rabo."

Ɗan wakilin ya fara juyawa, ya bugi ginshiƙin rumfa, ya ja baya, ya sake bugunsa, yana neman hanyar fita.

Rabo ya dubi tulin igiyoyin da ƙanensa ke ɗaurewa. Ya san hannun kowane tsoho a cikinsu. Sannan ya ce wa Abdulrazak, "Ka yi mani gahwara," ya kai wayar bakinsa.

"Kai, tsaya nan, tsinken tsintsiya. Wa ya ba bawa izinin tahiya ubangijinai na magana? Shanu bakwai? Su ma don ba su san hanya ba..."

Fuskar wayar ta yi fari fat. Wani rubutu na Faransanci ya fito. Babu rumfa, babu babbar riga, babu gashin kyanwa.

"Ya ji?" in ji Rabo.

"Ban sani ba, Yaya. In kora ta, wani lokaci na'urar kan yanke kahin magana ta isa."

Rabo ya zauna a kan tabarma. Ba rumfar ce ta dame shi ba a wannan lokacin. Abin da ya soke shi shi ne wataƙila Beidi zai koma cikin shanunsa bakwai da ranka shi daɗe a kunne, ya zama ita ce maganar ƙarshe da ya ji daga gare shi har ɗayansu ya mutu. Idanunsa suka kawo ruwa a tsakiyar kasuwa, a gaban masu kanwa, bai ko damu ya goge ba.

Abdulrazak ya shafa gemu. Sannan ya ciro tasa wayar, ya tuƙa wakilinsa mai kan ƙwai layi bayan layi, har ya tarar da fukafukan ruwan hoda sun maƙale tsakanin rumfunan masu takalma biyu. Ya miƙa wa yayansa.

"Rumfata ba ta da laihi ko guda. Na hwarko gargaɗi na, na biyu kwana uku. Biyu na ba ka, Yaya. In ka kai uku ka kashe mani kanti." Ya juya baya ya ci gaba da ɗaure kaya. "Kuma ni ban ji komi ba."

Rabo ya riƙe wayar da hannu biyu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana rabon zagi kyauta, yau an ƙidaya masa biyu. Ya rufe ido ya zaɓa, ya ajiye, ya sake zaɓa.

"Kai mai hukahukai," ya ce. "Shekara talatin ina gaya ma mutane kai ba mutum ba na, ba su yarda ba. Yau ga waya ta shaida. Juyo nan, bawan banza, takalmi kaka yi ma magana."

Tambari rawaya ya fito a kan hular ƙwan. Daga cikin wayar wani sauti ya fito wanda ba a iya cewa dariya ce ko kuka.

"Kaɗo? Kai na? To mi ya samu huskarka?"

Rabo ya yi niyyar adana na biyun, ya yi niyyar tambayar garin da yake tukuna. Amma bakin da ya shekara talatin yana aiki ba ya jiran mai shi.

"Na cire ta kada ta ga taka."

Kwaɗon ƙarfe ya fito, ya nemi baki bai samu ba, ya maƙale a tsakiyar ƙwan. Abdulrazak ya yi salati a hankali bai waiwayo ba.

Beidi kuwa dariya yake yi har tari ya sarƙe shi. Ana jinsa yana kiran mutanen gidansa da Fulatanci ɗaya bayan ɗaya, ana jin takun ƙafafu, ana jin wata tsohuwa na tambayar ko wanda ake faɗa ne. Da ya samu numfashi sai ya matso kusa da wayar, muryarsa a jiƙe.

"An sake ɗaure ka ko? Madalla. Kada ka tahi ko'ina, mummuna. Zamna nan. Na shekara biyar ina tara maka, ban ko hwara ba."

Rabo ya goge fuska da hannun riga, ya jingina da ginshiƙi, ya miƙe ƙafafu. Ya ce wa ƙanensa ya bar kayan nan haka, ya je kanti ya ɗauko abin caji.